Tsakiyar da Na Bari Fara

Marsai, Faransa, Maris 1958

Yaya Mutari,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da Zuliha da yara? Takardarka ta iso, na ji rasuwar Baba. Allah ya jiƙansa. Na karanta sau biyu, na ninke, na ci abincin rana. Ban yi kuka ba, Yaya, kuma ba dauriya ba ce.

Ka gaya wa Inna lafiyata lau. Raunin da na samu a Aljeriya ya warke, sai dai ba a sallame ni daga asibitin soja ba. Wani tsohon likita ke dubana, ba ya ba da magani sai takarda da ruwan launi. Na ce ba na zana mutum ko dabba. Ya ce, "Zana abin da hannunka ya so." Kullum abu ɗaya ke fitowa, irin adon da Baba ke yi wa bangon gidajen Birni, ƙulli cikin ƙulli, amma tsakiyar fara fat. Likitan ya ce wurin nan da na bari ni ne, ranar da na cika shi zan koma gida.

Jiya na ɗauki launi in cika shi kawai in huta. Hannuna ya ƙi.

Don Allah ka tsaya ƙofar gidanmu, ka duba abin da Baba ya sa a tsakiyar nasa adon da ke bangon, ka zano mini. Na manta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Suma'ila