Ramin da Yatsa Ya Bari a Ƙafar Baffa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma yau kwana biyu ke nan ina ɗauke da wata magana, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Shekaranjiya aka ɗauki shatar adaidaitata a Dutse. Ɗalibai ne masu koyon haɗa magunguna, su biyu da malamarsu, za su bi gida-gida su ga yadda mutane ke shan magani. Kin san bakina. Tun kafin mu bar kwalta na fara: yaran da rana ba ta taɓa dukan ƙeyarsu ba, wa za su koya wa? Ni da ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan shaguna da takardun cikin kwalin magani na koyi boko, amma na fi su sanin kan ƙwaya. Malamar ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi, "To Malam direba, a fara da gidanku mana." Girman kai ya sa na karya kan mashin.

Mahaifina Baffa yana zaure yana shafa gwiwa. Na ɗauko gwangwanin madarar nan da kika sani, na zazzage a faranti, na hau bayani kamar mai wa'azi: farar ta safe, ruwan ƙasar ta rana, jar ta bayan magariba. Kullum haka, tun da gwiwa ta hana shi bin shanu.

Malamar ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba. Ɗaliban ta sa su rarraba, su karanta, su faɗa da bakinsu. 'Yar siririyar cikinsu ta ce duk ukun dangi ɗaya ne, maganin kashe zafi, kuma haɗa su kullum ga dattijo mai hawan jini yana cin ƙoda. Na taso mata, na ce a wane littafin? Malamar ta ce mata, "Ajiye littafi, duba mutumin." Yarinyar ta durƙusa, ta nemi izinin Baffa, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa. Ta ɗaga. Ramin ya tsaya, bai cike ba.

Inna, na san ramin nan.

Ni ne nake danna ƙafarki ina dariya, ina cewa ta zama ƙullin fura. Ke kuma ki ce, "Ja'iri, ƙiba ce ta same ni da tsufa." Ni ne nake ɓallo miki ƙwayoyin nan uku, in miƙa miki da ruwa a moɗa, kina sa min albarka, kina gaya wa maƙwabta ɗanki ya yi karatu ba malami. Har fuskarki ta kumbura, muka ce iska, muka ce sammu, daga baya muka ce ajali.

A hanyar komawa na gangara gefen titi na kashe mashin, na ba malamar labarinki. Na tambaye ta ko ni ne. Ta ce ba ta gan ki ba, ba za ta ce eh ba, ba kuma za ta ce a'a don ta faranta min ba. Ta ce Baffa dai yana da rai, a kai shi gwaji. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Jiya ɗaliban suka raka mu asibiti, aka ɗebi jini da fitsari, likita ya canza masa magani. Gobe sakamako zai fito. Na ɗauke gwangwanin na ɓoye, Baffa kuwa sai faɗa yake, wai sabon ba ya ratsa shi: "Jiya kai ne likita, yau kuma ka koma ɓarawon magani?" Ban gaya masa zancenki ba. Duk sanda na buɗe baki sai harshen ya yi nauyi, ni da unguwa ke gudun bakina.

Sau biyu ina tsayawa a ƙofar mai kemis ɗin da yake sayar min, raina yana tafasa. Shekara da shekaru bai taɓa tambayata wa zai sha ba. Amma me zan ce masa? Ni nake kiran sunayen ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina taƙama.

Tsoro nake ji, Inna. Ina tsoron takardar gobe, don zan iya karanta ta.

Idan hannuna ne, ki yafe min. Kin san don in rage miki ciwo na yi. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Na san shekara talatin ba ku taɓa rabuwa da Baffa ba, amma abin da nake roƙon Allah shi ne kada Ya haɗa ku yanzu. Ya bar min shi, ko da ni da shi kullum faɗa ne.

Wassalam.

Ɗanki,
Iro