Garkar Jiratawa Ta Dawo, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na zo miki da labarin da na so a ce a kan tabarmarki ta Tsibiri nake ba ki shi. Inna, garkarki, lambun nan naki na Jiratawa, ta dawo hannunmu.

Ita ce gadon mahaifinki, ita kika jinginar wa Malam Idi don in samu permi, takardar tuƙi, in zama direba. Na ce miki da albashin farko zan fanso ta. Kika yi dariya. Ashe kin fi ni sanin albashin direba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙa kamiyon Alhaji tsakanin Kwatano da Maradi. Duk sanda na ce zan yi masa maganar ƙarin albashi, sai ki ce, "Kul! Kak ka tuna mai, babba na, shina sane." Haka na riƙe bakina har kika rasu, shi ma ya bi bayanki, 'ya'yansa suka karɓi motoci.

Da idona ya fara rauni suka ce za su sallame ni. Inna, da kin ga biki! Aka kafa rumfa a ƙofar gidansu a unguwar Zariya, nan Maradi, aka jera kujeru, aka ɗauko Ɗan Kande sanƙira da lasifikarsa. Ya dinga shelanta wa duniya cewa tun motar marigayi ta farko nake tare da su, ban taɓa tuƙa wa wani ba, ban taɓa ɓatar da ko buhu guda ba. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba. Aka ba ni babbar riga da buhun shinkafa, aka shafa fatiha, na yi ta godiya. Na koma gida ina jiran kuɗin sallama.

Shinkafa ta ƙare, shiru.

Ana haka Malam Idi ya aiko. Lalura ta same shi, in ban kawo kuɗinsa kafin damina ba zai miƙa garkar ga wani ɗan kasuwa. Ranar na kasa cin tuwo. Na je wurin babban ɗan Alhaji, yaron da na sha kaiwa lakwal yana ɗan makaranta, na gaishe shi da ladabi. Ko kansa bai ɗaga daga waya ba ya ce, "Ai an sallame ka gaban jama'a, Baba. Ko rigar ce ba ta yi maka ba?"

Na ji zafin maganar nan ƙwarai. Surukarki Rabi, wadda kika sha cewa bakinta ya fi nawa, ita ta tasa ni gaba zuwa sandika, ƙungiyarmu ta direbobi, su kuma suka raka ni biro, ofishin kula da haƙƙin ma'aikata.

Can yaron ya canja zance. Wai ni ɗan haya ne, in tafiya ta taso a kira ni a biya ni, kuma ban daɗe da su ba. Kin san Alhaji bai taɓa rubuta mini takarda ba, hannu muka yi a zaure. Jami'in ya ce in kawo shaida. Abokan tuƙina har yanzu a gidan suke cin abinci, ban so in jefa su cikin wahala ba. Na dawo jiki a mace. Rabi tana tankaɗe, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "To wanda ya hwaɗa ma gari duka hwa?"

Ban zaci Ɗan Kande zai yarda ba, tunda a irin gidajen nan yake samu. Sai ga shi da lasifikarsa a kafaɗa. Ya ce wa jami'in, "Ranka shi daɗe, su suka gaya mani abin da zan ce, su suka biya ni. In na ƙaryata bakina yau, wa za shi ƙara ɗaukata biki a Maradi?" Kafin a hana shi ya ɗora kirarin tun daga farko, da ƙarfinsa, har ma'aikatan sauran ɗakuna suka leƙo. Jami'in yana rubutu yana danne dariya. Yaron nan ya cire hula ya share gumi, ya mayar, ya sake cirewa. Bikin da suka shirya don su rufe mini baki shi ya zama shaidata.

Sun biya, Inna. Ba su rage ko dala ba.

Ranar karɓa rigar tasu na sa, na murza hula, na ratsa Zariya a ƙafa ina gaisawa da kowa. Daga nan ban tsaya ba sai Jiratawa. Da na damƙa wa Malam Idi kuɗinsa ya yi hawaye, ya ce dama bai so ta bar gidanmu ba. Zogalen da kika dasa a bakin hanyar ruwa yana nan, an sha datse shi yana tohowa. Na tsugunna a gindinsa da babbar rigata cikin laka, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki.

Ki yafe mini, na saɓa maganarki, na tuna wa babba. Na san tsoro ne ya sa kike hana ni, kada a kore ni mu rasa na tuwo. Yanzu ba mai korata. Rabi ta yi kwaɗo da ganyen farko da muka tsinko, mun raba wa maƙwabta sadaka da sunanki.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya ba ki lambun da ba a jinginarwa, ya haɗa mu a can.

Ɗanki, mai garka a Jiratawa,
Sani