Kwamfutoci Biyar a Ɗaki Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban cibiyar da nake yi wa aiki, Garki, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, ni ce Dakta Saudatu ta sashen lissafi, wadda aka dakatar. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a aka ɓata mini suna. Takardun da na aiko ta ofis kuwa, shiru kake ji.

Na ɗaya, aikin da aka ba ni. Cibiyarmu ta gina manhajar da asibitoci ke neman jini ta cikinta. Kwamfutoci biyar ke riƙe da bayanin, kuma sai sun yi shawara a tsakaninsu kafin a ce ledar jini kaza ta majinyaci wane ce. Ni ba gwaji aka sa ni ba, domin gwaji abin da ka gwada kaɗai yake nuna maka. An sa ni in kafa hujja ta lissafi, mataki bayan mataki, cewa ko saƙo ya makara, ko ya ɓace a hanya, ko na baya ya riga na gaba, ledar da aka yi wa wani alkawarinta ba za ta tafi ga wani ba. Na kafa hujjar. Wata manhaja ta bi ta layi-layi, ba ta sami ɓaraka ba.

Na biyu, hujjar tana da sharaɗi, kuma a shafin farko yake: muddin uku daga cikin biyar ɗin suna aiki, alkawari ba ya ɓacewa. Shi ya sa aka tsara a rarraba su, wata a Sheda, wata a Karshi, kowace da wutarta, don kada masifa ɗaya ta same su tare.

Na uku. Ana gab da bikin ƙaddamarwa aka ce babban baƙo ba zai yanke ƙyalle a gaban akwati ɗaya tilo ba, abin ba zai yi kyau a hoto ba. Aka kwaso duka biyar aka jera su a ɗaki guda a Garki, a kan janareta guda. Aka ce na ɗan lokaci ne. An ci shinkafa, an raba kalanda, an watse. Na yi ta tuni har abokan aiki suka laƙaba mini Hajiya Muddin. Daga baya mataimakinka ya ce mini an mayar da kowace wurinta. 'Yan lissafi ba mu da makullin ɗakin, sai na yarda.

Na huɗu, wanda shi ne ya hana ni barci. Laraba maƙwabciyata ce a Orozo, matar Istifanus kafinta. Ita ke kwashe mini shanya in hadari ya taso ina ofis. Wajen haihuwa jini ya ɓalle mata, kuma nata irin mai wuyar samu ne. Asibiti ya nema, manhaja ta ce an ajiye mata. Istifanus ya kira ni yana tambaya ko ya bazama neman masu bayarwa a cocinsu. Ni da bakina na ce ya zauna kusa da matarsa, abin da manhajar ta yi alkawari ba ya tashi, na tabbatar da shi da lissafi.

Wuta ta ɗauke a Garki, janareta ya yi gardama. Duka biyar suka mutu lokaci guda, suka farfaɗo babu mai tuna alkawarin Laraba. Wani asibiti ya nemi ledar, aka ba shi. Mai babur ɗin da aka aika ya ɗauko wa Laraba ledar ya tarar an tafi da ita. Laraba ta rasu kafin la'asar, ta bar jaririya.

Na biyar. Sanarwar da cibiya ta fitar ta ce kuskuren lissafi ne, ta ambaci sunana, ba ta ambaci ɗakin ba. Istifanus a rediyo ya ji. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya dai daina amsa gaisuwata. Katanga ɗaya ke tsakaninmu, ina jin kukan yarinyar, ba ni da fuskar shiga in ɗauke ta. Wallahi wannan ya fi mini dakatarwar ciwo.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. A kawo masana daga waje su bi hujjar. In sun sami kuskure ko a layi ɗaya, na yarda a kore ni. A faɗa a rediyon nan dai wanda ya ba da umarnin tara kwamfutocin, da dalilinsa. A je Orozo a gaya wa Istifanus gaskiya, ba a aika masa da buhun shinkafa ba. Kafin duk wannan kuma, a rarraba su yau, domin na sami labari har yanzu suna ɗakin, a jere, yadda aka yi musu hoto.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya. Allah ya tsare iyalinka, kada ranar da wani naka zai buƙaci jini ta zo daidai da ranar da janaretan nan zai sake gardama.

Wassalam.

Dakta Saudatu,
Orozo, Abuja.