Da Hannuna Na Buga Ƙaryar Alhaji

Assalamu alaikum Anti, ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin zagina, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni mai buga tafireta ce a nan Maiduguri. Shekarun baya, ana gab da zaɓen kansiloli, ina aiki a ofishin wani Alhaji ɗan siyasa a unguwar Dala. Abokin karawarsa shi ne Malam Yakubu, hedimastan firamare, Kirista daga kudancin Borno, mutumin da Musulmi da Kirista suka yarda da shi. Wata safiya Alhaji ya miƙo mini takarda da rubutun hannunsa, ya ce in buga in murza kwafi masu yawa. Wasiƙa ce wai Malam Yakubu ya aika wa cocinsu, yana alkawarin in ya ci zaɓe zai rufe makarantun allo na unguwar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai bai rubuta wannan ba." Bai ko dube ni ba ya ce, "Ke an ɗauke ki bugawa ne, ba tunani ba."

Anti, na buga. Har sa hannun Malam ni na kwaikwayo daga takardar sakamakon ƙanwata da ke makarantarsa. Me ya hana ni tashi in fita? Tsoron rasa aiki ne kawai, ba wani abu ba. Kafin Juma'a takardar ta zaga kasuwa da masallatai. Aka yi wa gidansa ruwan duwatsu, iyaye suka janye 'ya'yansu, ya tsaya a rediyo yana rantsuwa, babu mai saurare. Hawan jini ya kwantar da shi, bai shekara ba ya rasu.

Yanzu muna zaune a unguwar Moduganari, katanga ɗaya da matar marigayin, Mama Rifkatu. Ita ta yi mini wankan jego da na haihu, kullum 'yata take kirana. Ta taɓa ce mini ta bar wanda ya yi takardar nan da Allah. Ina riƙe da kofin shayinta, na ce amin.

Shi kuwa Alhaji shugabancin ƙaramar hukuma yake nema yanzu, fastocinsa sun cika bango, wai Mai Gaskiya. Duk sanda na gan su jinina tafasa yake. Bai san ban yaga rubutunsa ba, yana nan ƙasan akwatina. So nake in kai wa 'yan jarida ana saura mako guda zaɓe, in ga an yi masa ihu a kasuwa, ya yi ta rantsuwa babu mai saurare. Ba gyara nake nema masa ba, wallahi faɗuwarsa nake so.

Mijina ya ce in ƙone takardar, in rufa wa kaina asiri. Na sani ranar da ta fita, Mama Rifkatu za ta san wa take yi wa shayi. Amma in na yi shiru, wa zai buga masa ta gaba, kuma a kan wa?

Jama'a, me zan yi?