Kafin Katafila Ta Taɓa Soron Fatake

Zuwa ga Mai girma Dirakta, shugaban kwamitin da aka ɗora wa sabunta tsofaffin unguwanni a Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina miƙa maka gaisuwa irin wadda ƙaramin mutum yake miƙa wa babba, tare da tambayar lafiyarka, da ta iyalinka, da ta na'urar da take sanyaya maka biro, wato ofishinka, wadda na ji an ce ita ma tana jin jiki a wannan bazara.

Ni ne Mushe Mutari Habu na unguwar Zango, tsohon malamin lakwal (wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe), wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan Damagaram sunayen kogunan Faransa, har Allah ya nuna masa zamanin da babu ruwa a randar gidansa. Sau uku na zo biro ɗinka sanye da babbar rigata ta Juma'a. Sau uku mai tsaron ƙofarka ya shaida mini kana taro. Ba na shakkar wannan, domin tun da aka shiga fari ban ga abin da ya yi yabanya a ƙasar nan kamar taro ba. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a.

Maganar ita ce ta Soron Fatake, wanda takardarka ta ce katafila za ta rushe ranar Litinin ta farkon watan gobe, a gina wa ma'aikata gidaje a gurbinsa.

Na ɗaya. Tun da takardar ta kira shi «kangon ƙasa da aka yasar», ya kamata in gabatar maka da shi. Kakan mahaifina ne ya sa aka gina shi domin saukar da fataken Kano masu zuwa da tufafi da goro su koma da fata. Kaurin bangonsa ya kai tsawon hannun mutum, rufinsa azara ce a kan baka huɗu, kuma da tsakar rana sai ka nemi mayafi a cikinsa, ba tare da na'ura ba. A nan ake ɗaura auren unguwa, a nan ake zaman makoki, a nan ake sulhunta maƙwabta. A yau iyali biyar ne suke kwana a ciki, mutanen Tirmini da na Garagumsa da yunwa ta koro daga gonakinsu. Idan wannan shi ne ginin da aka yasar, ina roƙon a aiko mana da wanda zai koya mana yadda ake samun wurin shimfiɗa tabarma a cikinsa.

Na biyu. Dole in amsa laifina. Ranar da injiniyanka ya zo, ni na tarbe shi. A soron nan al'adarmu tun zamanin fatake ita ce ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Ana ba shi ruwa, a ba shi wurin zama, a jira ya faɗa da bakinsa. Mun ba shi ruwa a kwanon sha, a shekarar da kwanon ruwa ya fi tuwo daraja. Ya shanye, ya yi godiya, ya fito da igiyar awo. Da na ga yana fama shi kaɗai, sai na riƙe masa bakin igiyar. Na zaga da shi gabas da yamma, har na gyara masa lissafi a wuri guda, domin malami ba ya ganin kuskure ya yi shiru. Muna zaton ana auna wurin ne domin a san buhun dawa nawa za a aiko wa baƙinmu. Bai faɗa ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Daga baya na ji rahoton da ya rubuta ya ce mutanen unguwa sun ba da cikakken haɗin kai. Wannan cikakken haɗin kai ni ne, Mai girma, kuma ina neman a janye ni daga rahoton.

Na uku. Hujjar injiniyan ita ce tsagar da ke bangon gabas. Ranar da ya zo akwai tsagar, ban musa ba. Sai dai ginin ƙasa ba a yi masa hukunci da tsaga. Duk shekara kafin damina unguwa takan fito a yi masa yaɓe: maza su kwaɓa ƙasa, mata su kawo ruwa, magini ya hau ya shafe. A lokacin shekara biyu ke nan ba mu yi ba, saboda ruwan da za a kwaɓa ƙasa shi ne wanda matanmu suke bin layi a famfo tun asuba su samo. Ka kuma lura cewa abin da yake kashe ginin ƙasa shi ne ruwan sama. A duk faɗin Damagaram, wannan soro shi kaɗai ne fari bai cuta ba. Shanu sun mutu, gero ya ƙone, rijiyoyi sun ƙafe, shi yana tsaye. Sai ga shi an zaɓi wannan shekara domin a ce zai faɗo mana a ka.

Na huɗu, kuma a nan nake roƙon ka ajiye duk wata takarda ka saurara.

Da muka gane abin da ake ciki, muka taru muka yanke shawarar yin yaɓen kafin injiniya ya dawo, ya zo ya tarar babu tsaga. Kowane gida ya ɗauki alkawarin tulu ɗaya daga ruwan shansa. Aka tara, har baƙinmu na Tirmini suka kawo nasu a ƙwarya. Saura ramno, wato ciyawar da ake yayyankawa a zuba cikin kwaɓi domin ta riƙe ƙasa. Ina aka ga ciyawa a bana? Awakin da suka rage sun cinye har jinkar rumbu. Kashin shanu da ake haɗawa shi ma babu, domin babu shanun.

Magininmu shi ne Baba Isufu, tsoho mai shekara tamanin ko kusa da haka, wanda ya gaji yaɓen soron daga mahaifinsa. Kwana biyu yana zagaya gari yana neman abin da zai tsaya a madadin ramno. A rana ta uku ya dawo da wani farin gari ƙulle a gefen rigarsa. Ka san a filin da ke bayanmu kamfanin da kuka ba aiki ya riga ya ɗaga gidajen farko, kuma da fallen ardawaz ake rufa su, wannan mai ruwan toka da ake yankawa da zarto. Inda ake yankan, garin ya taru tsibi-tsibi, leburori suna fitowa daga cikinsa fari fat har girar ido. Baba Isufu ya murza garin tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi a rana, ya nuna mana wasu siraran gashi a ciki. Ya kwaɓa kaɗan da ƙasa, ya shafa a gindin bango, muka jira ya bushe. Bai tsage ba. Tsohon ya ce tun da yake gini bai taɓa ganin ramno mai biyayya kamar wannan ba.

Mai gadin wurin ya ce mu kwashe duka, mun ma rage masa shara. Matan unguwa suka kwaso a kwanduna. Da yake akwai ɓarɓashi a ciki, sai suka yi masa abin da kowace mace take yi wa gari: suka zauna a inuwar soro suka tankaɗe shi da rariya, yini biyu, suna hira. Wadda ta fi kowa ƙwazo ita ce 'yata Barira. Ni da kaina na yaba mata a gaban mutane, na ce ta yi kama da wadda ta fito daga injin niƙa.

Ba don alfahari ba, yaɓen ya yi kyau. Bango ya yi sumul, tsaga ta ɓace, Baba Isufu ya sabunta zanen da ke saman ƙofa. Injiniyanka ya dawo, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce aiki ne na gwanaye. Sannan ya ce an riga an sa wa takarda hannu. A wannan karon ma mun ba shi ruwa.

Na biyar. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, ɗan ƙanwata Majo Haruna, babban ma'aikacin jinya da ya taɓa zuwa ƙaro ilimi a Faransa, ya zo gaishe ni. Na ba shi labarin dabararmu ina jiran yabo. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni wa ya tankaɗe, kuma yini nawa, kuma ko sun rufe hanci. Sannan ya ce gashin nan da muka gani sunansa amiyant. Ya ce ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, idan ya shiga huhu ba ya fita, kuma a can inda ake yin fallen mutane sun fara tayar da jijiyar wuya a kansa. Ya ce muddin yana ɗaure a cikin bango, kwance yake, amma ranar da aka farfasa bangon zai tashi ya bi iska. Na tambaye shi yaushe cutar take bayyana. Ya ce takan ɗauki shekara ashirin, wani lokaci fiye, kuma ba kowa take kamawa ba.

Muka je muka gaya wa Baba Isufu. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ɗan lissafi da yatsu, ya ce: «Shekara ashirin? To, ni dai wannan cuta ta makara. Amma yaran nan mata fa, Mushe?»

Barira shekararta goma sha tara.

Ni ba likita ba ne, kuma ba zan ce ga abin da ke cikin ƙirjin kowa ba. Abin da na sani shi ne an kawo wannan abu bayan gidajenmu, ana yanka shi a fili, ba allon gargaɗi, ba shinge, ba ko ƙyallen rufe hanci ga leburori. Mu muka kwasa da hannunmu, wannan gaskiya ne. Amma a garin da ba a yar da ko ɓawon gyaɗa a bana, duk wanda ya tara farin gari a bakin hanya ya san akwai mai kwasa.

Yanzu ga inda muka tsaya, Mai girma, kuma ina taya kwamitinka murna, domin ya yi abin da kakanninmu ba su iya ba. Soron Fatake ya zama ginin da ba a taɓawa. Daga gindinsa har zankwayensa, a lulluɓe yake da kayanku. Idan katafila ta doke shi, duk abin da matanmu suka tankaɗe zai tashi a lokaci guda. Zai fara da mu, zai bi ta kan sababbin gidajen ma'aikata, kuma na shafe mako ina lura da iskar la'asar: daga Zango takan miƙe sosai zuwa unguwar manyan ma'aikata. Ban faɗi wannan domin tsoratarwa ba. Na faɗa ne a matsayina na wanda ya koyar da labarin ƙasa.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da muke roƙo.

A soke rushe soron. Idan gidaje ake so, akwai fili daga bayan gari har iyakar ganin ido, kuma a bana babu ko karan dawa da zai tare wa katafila hanya. Mu kuma mun ɗauki alkawarin sake lulluɓe bangon da yaɓen ƙasa zalla, a jiƙe, kamar yadda Majo ya ba da shawara, da zarar an aiko mana da tankar ruwa guda. Wadda take ba furannin ƙofar biro ɗinka ruwa ma ta isa.

A daina yankan ardawaz a busasshe a tsakiyar mutane, a jiƙa abin da ya taru a binne shi, a kuma ba leburori abin rufe hanci. Yawancinsu manoma ne da fari ya mayar leburori, kuma suna da niyyar komawa gona da huhunsu.

A tambayi wanda ya sani kafin a kwantar da iyalan ma'aikata a ƙarƙashin wannan rufi.

Roƙo na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Na rubuta sunayen matan da suka yi tankaɗen, su goma sha huɗu, da rubutuna mai kyau na malamin lakwal. Ina so a karɓi takardar, a buga mata hatimi, a ajiye ta a inda ba a yar da takardu. Nan da shekara ashirin ba na nan, Baba Isufu ba ya nan, kai ma wataƙila an ɗaga ka zuwa babban birni. Idan ɗaya daga cikinsu ta je likita tana tari, ina so a sami inda aka rubuta abin da ta shaƙa, kada a ce mata sanyi ne. Sunan Barira ne na farko, domin ni na yaba mata.

Idan duk da haka katafila ta zo ranar Litinin, direbanta zai tarar da mu zaune a cikin soro, mu da baƙinmu. Za mu ba shi ruwa, kuma ba za mu tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Za mu ƙara masa da jiƙaƙƙen ƙyalle ya ɗaura a hanci, domin shi ma ɗan wani ne. Sai dai a wannan karon babu mai riƙe wa kowa bakin igiya.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka numfashinka da na 'ya'yanka, ya ba ka ikon karanta takarda kafin sa hannu. Allah ya saukar mana da ruwa, ko da zai zama soron ne zai fara jin jiki.

Wassalam, daga inuwar bangon gabas.

Mushe Mutari Habu,
tsohon malamin lakwal, unguwar Zango, Damagaram.