Ɗana Ba Zai Shiga Jan Ruwa Ba

Zuwa ga Sarkin Ruwan Mashigin Ɗinya, a bakin kogin Mada, ƙasar Lafiya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe, tare da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ce Falmata, matar marigayi Audu masunci, uwar Bukar. Ka san ni, domin ka sha cin tuwona a zaurenmu tun kana sarin bandar kifi a hannun mijina kana kaiwa kasuwar Lafiya, kafin a naɗa maka rawani. Ina cikin takaba, ko mako biyu ban cika ba, ba ni da halin zuwa ƙofarka. Sau biyu na aiki ƙanin mijina, sau biyu aka ce masa kana da baƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Karatuna na allo ne, bai yi nisa ba, a yi haƙuri da hannuna. Na roƙi liman ya karanta wannan takarda a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, domin a gaban mutane ka yi maganar mijina, a gabansu kuma zan ba ka amsa.

Na farko, maganar ruwa. A cikin garin Lafiya aka haife ni, gidanmu ba masunta ba ne. Amma shekara ashirin da uku ina gyaran kifi ina banda shi, ina jin abin da maza ke faɗa. Da damina kifi yakan hauro daga Binuwai, ya bazu cikin fadamu ya yi ƙwai. Idan kaka ta kama, ruwa ya fara ja da baya, sai ya juyo zai koma. A lokacin ne ake kafa turaku daga gaɓa zuwa gaɓa, a ɗaura asabari, a bar ƙofofi inda kowane gida yake ɗana tarkonsa. Wannan shi ne shinge, kuma shi muke ci har shekara ta zagayo.

Sai dai ruwan ƙarshen damina ba a tsakar gidanmu kaɗai yake sauka ba. Za mu yi mako ba ko ɗigo, alhali can kan duwatsun Eggon ana tafka shi. Bayan yini guda sai ya iso mana ja wur, da kumfa, da kututturai. A cikin irin wannan ruwa kifi ba ya sauka, komawa fadama yake yi ya laɓe. Yashi yana gudu a ƙarƙashin ƙafar mutum, turke ba ya kamawa. Audu ba ya ƙin wannan ruwan. Yakan ce shi ne ke taso kifin da ya maƙale a kududdufai, shekarar da bai zo ba tarko ba ya nauyi. Amma sai an ba shi hanya ya wuce, ya kwanta, har mutum ya tsaya iya gwiwa ya ga yatsun ƙafarsa. Tsohon Sarkin Ruwa, Allah ya jiƙansa, yakan kafa sanda mai tsaga a gaɓa. Sai ruwa ya kwana bakwai yana sauka bai sake hawa ba, sannan ya sa rana. Kai ba ka kafa sanda ba bana. Audu ne ya kafa tasa.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar Lahadi ka sa aka yi shela cewa Talata za a kafa shinge. Kowa ya san dalili: ka yi wa helman leburorin hanyar jirgin ƙasa, wato shugabansu, alkawarin kifi, kuma ranar da ka ba shi ta matso. Ranar Litinin da hantsi mijina ya zo ya durƙusa a gabanka. Ya gaya maka kwana uku yana ganin hadari a kan duwatsu, ruwa ya hau sandarsa da taƙi guda, kuma ganyen itacen da ba ya fitowa a ƙasarmu yana wucewa a kan ruwa. Ya roƙe ka kwana bakwai kacal. Ka yi dariya, ka ce tsufa ne ya sa masa tsoro. Ka ce idan bai shiga ba, ƙofar shingen da ya gada a wurin ubansa za a ba wani. Mutum shida suna zaune a wurin, suna cikin masu sauraron wannan takarda yanzu. Wanda zai ce ƙarya na yi, ya miƙe.

Ya dawo gida bai ci komai ba. Da safe na kawo masa kunu, ya sha rabi, ya miƙa mini sauran, kamar yadda ya saba tun ina amarya. Ya ce kada in damu, zai dawo kafin azahar ya gyara mini dangar bayan ɗaki. Da suka shiga, shi ya ɗauki tsakiyar kogi inda ya fi zurfi, domin bai yarda a tura wani can ba. Kututturen da ruwan ya kawo bai bar turke ko ɗaya a tsaye ba, ya tafi da Audu. Sauran maza suka kama igiya suka fita. Shi sai ranar Alhamis wasu manoma Alago suka same shi a saiwar wata bishiya, can ƙasa. Suka lulluɓe shi da mayafinsu suka ɗauko shi a ka har ƙofar gidanmu. Ba su san shi ba, ba su san ni ba. Allah ya saka musu da alheri.

Na uku, maganar da ka yi a zaman makoki. Ka ce ajali ne. Na yarda, ni Musulma ce, ba wanda zai wuce kwanansa. Da nan ka tsaya da na yi shiru. Amma ka ƙara da cewa Audu ya yi ganganci. Ina bayan zana, na ji da kunnena. Mutumin da rabin masuntan mashigin nan a hannunsa suka koyi iyo, mutumin da ya zo ya roƙe ka a ɗaga rana, shi ne mai ganganci? Ka kira shi matsoraci yana raye, ka kira shi mai ganganci yana kabari. Zaɓi guda, ranka ya daɗe, domin biyun ba sa haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni haƙuri. An sake shela cewa gobe Asabar za a koma, kuma Bukar zai tsaya a gurbin ubansa ko gidanmu ya rasa ƙofarsa. Matan Eggon da suka kawo doya kasuwa sun ce ranar Laraba an yi ruwa a wajensu har ya kwantar da dawa. Kogin yana nan ja, kowa ya je ya duba. Bukar shi kaɗai ya rage mini cikin biyar da na haifa, matarsa kuma cikinta wata bakwai. Na kira shi na gaya masa idan ya sa ƙafa a ruwan nan gobe ban yafe masa nonon da ya sha ba. Ya yi kuka, ya ce za a yi masa gorin tsoro. Na ce a yi. Ba zai shiga ba. Idan ƙofar kake so, ɗauke ta ka ba wanda ka ga dama, za mu sha miyar kuka ba kifi.

Ga abin da nake roƙo. A soke shelar gobe, a koma ga sanda, a ƙirga kwana bakwai. Leburori ba za su mutu don sun ci wake mako guda ba. Ka tsaya a inda ka ɓata sunan Audu ka janye maganarka, domin jikansa da ke tafe zai tambayi yadda kakansa ya rasu. Idan kuwa ka ƙi, ka ce lallai sai gobe, to dattawa su tuna maka al'adar rawanin da ke kanka: wanda ya sa rana shi yake fara shiga, ya kafa turken farko a tsakiyar kogi da hannunsa, sannan sauran maza su bi. Ranar Talata a kan gaɓa ka tsaya. Gobe ka tuɓe riga ka shige gaba, ka ji yadda yashin yake a ƙafarka, sannan ka kira 'ya'yan mutane.

Ba na yi maka fatan sharri. Allah ya ba ka tsawon rai, ya ba ka kunnen jin na ƙasa da kai, ya tsare 'ya'yanka daga abin da ya sami gidana. Allah ya jiƙan Audu, ya sanyaya makwancinsa.

Wassalam.

Falmata, matar marigayi Audu,
daga ɗakin takaba, Mashigin Ɗinya.