Sunanki a Bakin Lasifika

Unguwar Shanu, Kaduna
12 ga Maris, 1957

Zuwa ga Husaina, sanyin idona, inuwar ɗorawa a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa a Jihar Arewa, cewa yau kwana goma sha ɗaya ke nan Isma'ila mai bayanin majigi yana rayuwa da shayi da burodi. Gwamnati ba ta ba da hutu ba, ba a kuma sauke tuta ba, amma wandona ya fara zamewa. Tun ranar da kika aiko aka ce kada in ƙara zama a bencin rumfarki ta sayar da tuwo, kika haɗo da turmin atamfar da na kai gidan kawunki na neman aure, ban san ɗanɗanon miyar taushe ba.

Bari in jera abin yadda ya faru, kafin fushi ya ƙara masa gishiri. Ofishinmu ya so a ɗauki hoton majigi na koyar da tsabta, da mata biyu, ɗaya mai tsabta, ɗaya ƙazama. Ni na kawo ki. Ni kuma na ba ki shawara ki ɗauki ƙazamar, domin na karanta littattafan wasanni da yawa, na san mutumin kirki ba ya ba kowa dariya. Binta ta fito a mai tsabta, Bintar da ke da ni mun san launin tsumman da take goge kwano da shi.

Kin tuna ranar ɗaukar hoton a bakin kogi? Tsabtar rumfarki ta hana aikin Baturen da ke ɗaukar hoton tafiya, domin ya nemi ƙuda ko ɗaya ya rasa. Sai da aka koma wani kango, aka shafa wa akushi zuma, muka zauna mu bakwai muna jiran ƙudaje kamar masu jiran jirgin Kano. Kika shafa toka a fuska, kika ɗaura zane a karkace, kika tsoma hannu a randa kina sosa kai. Wallahi ko a cikin tokar nan kin fi wata kyau! Na ga 'yan wasa a sinima, na Masar da na Indiya, ban ga wadda ta iya hararar ƙuda kamar ke ba. A nan na tabbatar cewa mutum mai shekara arba'in da bakwai, mai tabarau da furfura, yana iya zama wawa cikin natsuwa.

Hoton ba ya magana, kin sani, ni ne bakinsa. Ina tsayawa gefen mota da lasifika in ce wa jama'a ga abin da ke faruwa. A takardar ofis sunan matar Ƙazama kawai. Mun nuna a Zariya da Kafanchan, haka na kira ta. Da muka kafa farin ƙyalle a filin Abakwa bayan magariba, a unguwarki, gaban leburori da masinjojin da ke cin tuwonki kullum, fuskarki ta cika ƙyallen nan, sai na ji bakina ya ce Husaina. Na kuma maimaita har sau uku. Wa zai ga alfijir ya keto ya kira shi da wani suna? Wace zuciya ce za ta ga masoyiyarta da tsawon bishiyar giginya ta tuna da takardar ofis?

Na san abin da ya biyo baya. An faɗa mini tukunya biyu kike dafawa a da, yanzu rabin ɗaya ma kwantai yake yi. An ce matan unguwa suna leƙa randarki, masinjoji sun koma wajen mai wake da shinkafa ta bakin hanya. Shekara shida kina wanke kwano da ruwan zafi tun rasuwar mijinki, kina ciyar da 'ya'ya uku da wannan ludayi, ni na rushe komai cikin minti ashirin. Su kuwa mutanen ba su da laifi. Sun ga ƙuda da idonsu, sun ji suna daga bakin ma'aikacin gwamnati.

Ga abin da zan iya. Hoton ba ya gyaruwa, amma bakin nawa ne. Na roƙi shugabanmu mu koma Abakwa ran Asabar, ya yarda. Kafin a kunna inji zan ba da labarin zumar da ƙudajen haya, in ce wannan mata wasa ta yi, kuma ta fi kowa iyawa. Zan gayyaci duba-gari ya zo ranar Lahadi ya buɗe randarki a gaban kowa, ni kuma in zauna a ƙasa, tun da an hana ni benci, in ci malmala uku. Idan ciniki ya dawo kika ce har yanzu ba kya so na, zan karɓa. Atamfar dai tana cikin akwatina, ba kuma za ta ga jikin wata mace ba, ko da asu zai cinye ta. Kogin Kaduna ya ƙafe ya dawo sau nawa ne, ina nan inda kika bar ni.

Naki har ƙarshen numfashi,
Isma'ila

Na sake karanta takardar nan, na ga inda na ce bakina ne ya suɓuce. Ba haka ba ne. Da gangan na faɗi sunanki, don duk filin ya san na san ki. Ban tuna da tukunyarki ba sam. Na yi kuskure, Husaina.